Faluka, jirgin da ba ya shan mai: ina ribar mai shi take?

Ƴan kasuwa maza da mata, ku kuka fi kowa sanin abin da kuɗɗin mota ke yi ma riba. Buhun albasar da aka saya da sauƙi a Galmi, kafin ya sauka kasuwar Katako ta Yamai, direba ya ci nashi, mai kuma ya ci babban rabo. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai cikin watan Mayu na 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta daina rufa asirin kowa, kuma ba mu manta da dogayen layukan da aka yi a gidajen mai cikin watan Maris na 2025 ba. A irin wannan hali ne mutum kan ce: ina ma akwai abin sufurin da ba ya shan mai!

To, akwai shi. Yana ƙasar Masar, bisa kogin Nilu, kuma inda ya fi yawa shi ne birnin Aswan, can kudancin ƙasar, kusan kilomita 900 daga Alƙahira. Sunan shi faluka. Ƙaramin jirgin ruwa ne marar inji, wanda iska kaɗai ke turawa, mutum biyu ko uku ke sarrafa shi, yana ɗaukar fasinja kamar goma. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji da ƙafa ta Cadi da Sudan sun san dangin wannan jirgi, domin cikin jiragen iska da yawansu suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Mun ga ya dace mu duba sana'ar mai faluka da idon ɗan kasuwa: mi yake kashewa, mi yake samu, kuma mi ya sa mutumin da ba ya sayen mai ko cokali guda yake yawan kwana da damuwa.

Kogin da ya dace da iska

Sai mu fara da baiwar da Allah ya yi ma wannan kogi. Ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Ita kuwa iska, mafi yawan watannin shekara daga arewa take busowa zuwa kudu. Ke nan wanda zai yi kudu sai ya buɗe ƙyallen jirginshi, iska ta tura shi ya hau ruwa. Wanda zai yi arewa kuma ruwa ya ɗauke shi. Zuwa kyauta, dawowa kyauta. Mutanen zamanin Fir'auna sun lura da wannan har ya shiga rubutunsu: in za su rubuta "tafiya kudu" sai su zana jirgi da ƙyalle a buɗe, in "tafiya arewa" ce sai su zana jirgi ba ƙyalle. A Masar ɗin ne aka samu wata tukunya mai shekara fiye da 5000 da zanen jirgin iska a jikinta, tana cikin zane mafi tsufa irin wannan da aka sani a duniya. Manyan duwatsun da aka jera cikin ɗakin sarki na babbar dalar Giza, kusa da Alƙahira, daga Aswan aka fasa su, kuma bisa ruwa aka kai su.

Ga yadda jirgin yake. A tsakiya, wajen gaba kaɗan, akwai ginshiƙi a tsaye. Bisa ginshiƙin an rataya wata doguwar sanda a karkace, wadda ta fi jirgin kanshi tsawo. A jikin sandar ne ake ɗaure ƙyallen, babba, fari, mai kusurwa uku. Tsawon nan na da dalili: gaɓar kogi da dabinai suna tare iskar ƙasa, sai an miƙa sama ake samun ta. A baya akwai faffaɗan katako cikin ruwa mai dogon hannu, da shi ake juya akalar jirgi. A ƙarƙashi kuma akwai wani farantin ƙarfe da ake saukarwa cikin ruwa ko a ja shi sama in an zo wurin da ba zurfi. Da can da katako ake ƙera jikin jirgin; yanzu da yawa na ƙarfe ne, tun da Masar ƙasa ce marar itace.

Wannan farantin ƙarfe shi ne sirrin abin da ke ba baƙo mamaki, wato yadda jirgi ke tafiya ta wajen da iska ke fitowa. Kai tsaye dai ba ya iyawa. Abin da matuƙi ke yi shi ne ya karkata ƙyallen yadda iska za ta buge shi a kaikaice. Iskar na son ta ture jirgin gefe, farantin da ke cikin ruwa ya hana, sai jirgin ya sulale gaba a karkace har ya kusa wancan gaɓa. Nan matuƙi ya juya, ƙyalle ya koma ɗaya gefen, a sake ratso kogi. Wanda ya taɓa ganin jaki da kaya yana hawan tudun rairayi, ya yi dama ya yi hagu maimakon ya miƙe, ya gane abin. Tafiyar kilomita goma sai ta koma ta ashirin, amma ana isa.

Yadda kaya suka gudu daga jirgin iska

Har cikin ƙarni na ashirin, manyan ƴan uwan faluka ne ke ɗaukar kayan kasuwar Masar: hatsi, rake, ƙaiƙayi, duwatsun gini, da tuluna. Yankin Ƙina, arewa da Luksor, ya yi suna wajen ginin tulu da randa masu sanyaya ruwa, kuma bisa jiragen iska ake jibga su tsibi-tsibi a gangara da su zuwa Alƙahira. Kaya ne da ba su ruɓa, ba su gaggawa.

Matsalar ita ce, iska ba ta yin alkawari. Yau ta taso da hantsi, gobe sai bayan azahar, jibi ta ƙi fita sam. Tsakanin Maris da Mayu kuma akwai wata iska mai zafi da ƙura da ke zuwa daga kudu, suna ce mata hamsin, wadda kan birkita lissafin matuƙi gaba ɗaya. Ku da kuka san abin da ake nufi da a makara ranar kasuwa, ba sai mun yi dogon bayani ba. Macen da ta ɗauko tumatur ba za ta zauna bakin kogi tana jiran iska ba. Jirgin ƙasa ya iso Aswan cikin 1898, daga baya manyan motoci suka zo, gadoji suka yawaita, kwale-kwale masu inji suka karɓe aikin ƙetarar da mutane. Ɗan kasuwa ya auna, ya ga gara ya biya kuɗɗin mai ya san ranar isa. Ba mu ga laifinshi ba; da mu ne ma haka za mu yi.

Abin da ya rage ma faluka shi ne mutumin da ba ya sauri, wanda ma jinkirin yake saye: ɗan yawon buɗe ido. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Cook, shi ya fara kai ayarin masu yawo bisa Nilu cikin 1869, kuma tun daga nan wannan kasuwa take girma. A yau mai faluka na Aswan kusan abokin ciniki guda gare shi.

Su wa ke da jiragen? Mafi yawan matuƙan Aswan Nubawa ne, baƙaƙen fata masu harshensu na kansu, waɗanda ƙasarsu ta asali ke tsakanin kudancin Masar da arewacin Sudan. Turawan Ingila sun gina madatsar ruwa ta farko a Aswan cikin 1902, aka ƙara mata tsawo cikin 1912 da 1933, kowane ƙari yana cinye gonakinsu. Sa'an nan aka gina babbar madatsa zamanin shugaba Jamal Abdul Nasir, daga 1960 zuwa 1970, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 500. Mutum fiye da dubu ɗari aka tayar daga garuruwansu a ƙasashen biyu; na ɓangaren Masar aka kai su yankin Kom Ombo, nesa da bakin kogi. Waɗanda ƙauyukansu ke arewa da madatsar, bisa tsibirai da gaɓar yamma ta Aswan, su suka tsira, kuma da yake ƙasar noman tasu ƴar kaɗan ce, jirgi ya zama gonarsu. Yaro kan fara tun yana ƙarami, yana jan igiya, yana hawa ginshiƙi ya naɗe ƙyalle, yana dafa shayi, kamar yadda yaron mota ke farawa a tasha, har ranar da za a kira shi "rayis", wato shugaban jirgi.

Yawon wuni da na kwana

Aikin iri biyu ne. Na farko shi ne na awa guda ko biyu, ko na wuni. A ɗauki baƙi daga bakin titin kogi, a zagaya da su tsibirin Elefantin, a sauke su tsibirin lambu inda aka dasa itatuwan ƙasashe daban-daban, a wuce ƙarƙashin tudun da aka gina kabarin Aga Khan na uku, wanda ya rasu cikin 1957, a ratsa tsakanin baƙaƙen duwatsun da suka cika kogin a wannan wuri. Lokacin da ya fi tsada shi ne dab da faɗuwar rana. Wannan aiki ba ya buƙatar jari bayan jirgin, amma gasa ta yi yawa: jirage jere a bakin ruwa, kowane matuƙi na kiran baƙo guda.

Na biyu shi ne tafiyar kwana, kuma nan ne kuɗɗi suke. Ana tashi daga Aswan a yi arewa. Kwana guda kan kai mutum wajen Kom Ombo, kusan kilomita 45; zuwa Idfu, da ke fiye da kilomita 100, sai kwana biyu zuwa uku, in iska ta yarda. Kafin a tashi sai rayis ya kai sunayen fasinjoji da takardunsu wurin ƴan sanda ya karɓi izini. Ba a tafiyar dare: rana na faɗuwa a nemi gaɓa ko tsibiri a ɗaure jirgi. Ɗaki babu. Katifu ne shimfiɗe bisa daɓen jirgin, da rumfar ƙyalle a sama, a nan ake zama da rana, a nan ake cin abinci, a nan ake kwana kowa da bargonshi, domin sanyin Disamba da Janairu bisa ruwa ba ya da wasa. Mafi yawan jiragen ba su da ban ɗaki, sai an tsaya gaɓa. Yaron jirgi ne ke girki bisa ƙaramin murhun gaz a lungu: wake, shinkafa, miyar tumatur, ƙwai, burodi, wani lokaci kifi.

Bisa wannan hanya ne garin Darau yake, inda ake cin babbar kasuwar raƙuma da ake korowa daga Sudan. Mutumin Tawa ko na Abalak da ya sauka nan ba zai ji baƙunta ba. Haka ma mace ƴar kasuwa da ta shiga kasuwar Aswan: zoɓo ne tuli-tuli, suna ce mishi karkade, ga dabino, ga lalle, ga gujiya wadda su ke kira "ful sudani", wato waken Sudan.

Kada dai, masu tsoro su kwantar da hankali, yana can bayan madatsa cikin tafki. Abin tsoron gaske shi ne guguwar da kan faɗo ba zato daga tsakanin tuddai ta cika ƙyalle lokaci guda. Jirgin da aka yi ma lodi fiye da kima, ko wanda matuƙinshi ya ɗaure igiyar ƙyalle ya shagala, yana iya kifewa. Shi ya sa gwanin rayis ba ya sakin igiyar nan daga hannu, kuma idonshi na bisa fuskar ruwa: inda ya ga ruwa ya yi duhu yana tattarewa, ya san iska na tafe. Akwai kuma manyan jiragen otel, ɗaruruwa, da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan. Ba su iya kaucewa da sauri, ƙaramin ne zai ba da hanya, ko da iska ko babu.

Lissafin mai jirgi

To yanzu mu zo ga lissafi. Mai ba ya cikin kashe-kashe, gaskiya ne. Amma ƙyalle na cin rana kullum a garin da zafi ke wuce digiri 40 da bazara, yana tsufa, yana yagewa, a yi ta ɗinki har ranar da ba makawa sai sabo. Jikin ƙarfe na son fenti a kai a kai, in ba haka ba tsatsa ta huda shi. Ga igiyoyi, ga katifu da rumfa da dole su kasance da tsabta tun da su baƙo ke fara kallo, ga takardun izini na jirgi da na matuƙi. Ba kowane rayis ba ne mai jirgi. Wasu tuƙi suke ma wani a raba abin da aka samu, kamar ɗan kabu-kabun da babur ɗin ba nashi ba. Sa'an nan ga dillali. Baƙo da yawa ba su isa bakin ruwa da kansu: mai otel ko mai yi musu jagora ne ke haɗa cinikin ya cire la'adarshi, kuma sau da yawa wanda ya yi magana ta minti biyar ya fi wanda ya kwana uku bisa ruwa samu. Wannan kam ba sabon labari ba ne gare ku.

Lokacin ciniki kuma rabin shekara ne, daga Oktoba zuwa Afrilu. Sauran watannin zafi ya kori baƙi. Wani abin haushi, tun da aka gina madatsa, hukuma ce ke sakin ruwa gwargwadon buƙatar manoma: ta sake shi da yawa da bazara, ta rage shi da sanyi. Wato daidai lokacin da baƙi suka cika gari ne ruwa ke ja baya, tsibiran rairayi su fito, jirgi ya riƙa kafewa.

Duk wannan mai jirgi ya saba da shi, yana iya shirya ma shi. Abin da ba ya iya shirya ma shi ne labarin da baƙo zai gani a talabijin a ƙasarsu. Ran 17 ga Nuwamba 1997 ƴan bindiga suka kashe mutum 62 a wani tsohon wurin tarihi na Luksor, mafi yawansu baƙi. Kasuwar ta mutu wata da watanni, kuma shekaru bayan haka sai da rakiyar ƴan sanda baƙi ke bin hanyoyin kudu. Cikin 2010 Masar ta karɓi baƙi miliyon 14,7. Da aka yi boren da ya kayar da shugaba Husni Mubarak cikin 2011, suka koma miliyon 9,8. Ran 31 ga Oktoba 2015 jirgin saman Rasha ya faɗi a yankin Sina'i da mutum 224, sai ga shi cikin 2016 baƙin ba su kai miliyon 5 da rabi ba. Kasuwa ta farfaɗo zuwa miliyon 13 cikin 2019, cutar korona ta zo cikin 2020 ta mayar da su ƙasa da miliyon 4. Boren a Alƙahira aka yi shi, jirgin saman ɗaruruwan kilomita daga Aswan ya faɗi, cutar daga wata nahiya ta taso, amma kowane karo falukoki ne ke ɗaure a bakin ruwa, ƙyalle a naɗe, matuƙa na zaune suna kallon titi.

Ku lura da bambancin. Ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya ma yana iya karya farashi ya fid da uwar kuɗɗinshi, ko ya ɗauki hajar ya kai wata kasuwa. Mai faluka ba shi da wata kasuwa. Jirgin ba ya hawa tudu, ba ya komawa ɗaukar tuluna, kuma ranar da mai shi ya matsu ya nemi sayar da shi, ranar ce duk maƙwabtanshi ma suke neman sayar da nasu. Yana zaune kuma yana cin fenti. A ganinmu, wannan ya fi kuɗɗin mai nauyi nesa ba kusa ba.

Baƙi sun dawo: miliyon 14,9 cikin 2023, miliyon 15,7 cikin 2024. Sai dai kuɗɗin ƙasar sun karye a tsakani. Kafin Nuwamba 2016 dalar Amurka guda ba ta kai fam 9 na Masar ba. Cikin Maris 2024 ta kai wajen fam 50. Wanda baƙo ya biya da dala ko yuro ya ji daɗi. Wanda dillali ya karɓi dala ya ba shi fam, ya je kasuwa ya tarar da fenti da igiya da buhun shinkafa sun ninka, shi ya san abin da ya gani.

Shi ya sa gidajen da suka sha wuya suka daina dogara ga jirgi kaɗai. A ƙauyukan Nubawa irin su Garb Suhail an mayar da gidaje masaukin baƙi, an shafe su da launi mai haske, mata na sayar da shayi, kayan yaji, kwanduna, suna yi ma baƙi ƙunshi. Wasu sun haɗa faluka da kwale-kwale mai inji. Matasan matuƙa na neman baƙi kai tsaye ta WhatsApp da Facebook don su tsallake dillali. An kuma koma ana daraja Misirawa ƴan gida, waɗanda ke zuwa Aswan lokacin hutun makaranta na tsakiyar shekara da ranakun salla. Ba su biya kamar Bature, amma labarin talabijin ba ya korar su.

Da yawa cikinku na zuwa Alƙahira saro kaya, ko ganin likita, ko ziyarar ɗa da ke karatu a Azhar. Ba sai kun je Aswan ba: a bakin kogin Alƙahira ma, wajen unguwar Ma'adi da tsakiyar gari, akwai falukoki da ake haya da awa, kuma yamma guda bisa ruwa bayan wahalar kasuwa ba asara ba ce. Ciniki ake yi kamar na gida, a taya, a ce albarka, a daidaita. Ku yi magana da rayis da kanshi. Ku tabbatar ko kuɗɗin na jirgin duka ne ko na kowane mutum, na awa nawa ne, kuma da fam ne ko da dala. Ku dubi rigunan ceto da idonku kafin ku sa yara ciki, kada ku biya duka sai an dawo. In tafiyar kwana ce a Aswan, ku tambayi garin da za a sauke ku da sunanshi, domin akan sauke mutane tun kafin Idfu a ce su ƙarasa da mota, ku kuma san ko abinci da ruwan sha da kuɗɗin izinin ƴan sanda na cikin farashin. Sa'an nan tun kuna bisa tudu ku yanke magana guda: in iska ta ɗauke a tsakiyar kogi aka kira mai inji ya ja ku zuwa gaɓa, wa zai biya shi.